Praat a Hannun Mai Nazarin Hausa: Sharhi a kan Manhajar Awon Sauti

Duk wanda ya saba halartar tarukan ƙara wa juna sani a sassan koyar da harsunan Nijeriya ya san yadda muhawara a kan karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓoɓin kalma, take ƙarewa. Mai maƙala zai ce a karin harshen garinsu gaɓar ƙarshe ta wata kalma karin ƙasa take ɗauka, wani malami ya miƙe daga cikin zaure ya ce shi kam faɗau, wato karin da yake farawa a sama ya faɗo ƙasa, yake ji, sai kowa ya shiga maimaita kalmar a bakinsa, har shugaban zama ya sanar cewa lokaci ya ƙure, a tashi ba a tsayar da magana ba. Dalilin haka shi ne hujjar kowannensu tana cikin kunnensa, babu yadda zai fito da ita ya ajiye a gaban jama'a su duba. Manhajar Praat, wadda nake son yin sharhi a kanta, an yi ta ne domin irin wannan matsala, kuma a ganina lokaci ya yi da za ta zama kayan aikin yau da kullum ga duk ɗalibin da ya ɗauki ilimin furuci da tsarin sauti da muhimmanci, matuƙar ya san inda amfaninta ya tsaya.

Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam ta ƙasar Holan ne suka ƙirƙiro ta tun farkon shekarun 1990, kuma ba a daina sabunta ta ba. Kyauta ce, babu rajista, babu kuɗin wata, babu talla. Tana aiki a kan Windows da Mac da Linux, fayil ɗinta ƙarami ne wanda ba zai cinye wa ɗalibi data ba, kuma da zarar an sauke ta ba ta ƙara neman intanet. Wannan batu na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne ga mai binciken da zai shafe makonni a ƙauyukan ƙasar Gobir ko na Guddiri, inda samun sabis kan zama sai an dace. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta ishe ta.

Ganin farko ba ya jan hankali, kuma gara a faɗa wa sabon shiga haka tun da wuri don kada ya karaya. Idan aka buɗe ta, tagogi biyu ne suke fitowa, ɗaya mai suna Objects inda ake jera sautukan da aka shigo da su, ɗaya kuma mai suna Picture inda ake zana hotunan da za a saka a kundi ko maƙala. Dukkansu farare ne fayau, babu wani bayani da zai ce ga inda za a fara. Ainihin aikin yana cikin taga ta uku, wadda ba ta bayyana sai an zaɓi sauti an danna View & Edit. A nan ne ake ganin zanen igiyar sauti a sama, hoton sauti mai launin toka a ƙasa, sannan a kan hoton ga wani shuɗin layi da yake hawa yana sauka, wanda yake nuna sau nawa tantanin maƙwallato yake karkarwa a cikin sakan ɗaya. Ga mai nazarin Hausa, wannan shuɗin layi shi ne abin da zai fi zuba wa ido.

Mu ɗauki misalin da kowane ɗalibin ajin farko ya sani. A naɗi muryar mutum yana faɗar kuka na hawaye, sannan ya faɗi kuka ta miya. A ta farko layin zai tafi kusan a miƙe a kan gaɓoɓin biyu, a ta biyu kuwa zai fara a sama ya gangaro a kan gaɓa ta biyu, kuma ana iya ɗora alama a tsakiyar kowane wasali a karanta adadinsa a gefe. A yi haka da wuya na jiki da wuya ta wahala, za a ga hotuna biyu da suke kishiyar juna, ɗaya sama da ƙasa, ɗaya ƙasa da sama. A gwada kai na wakilin suna da kai na jiki, za a ga faɗau ƙuru-ƙuru tana zubowa a cikin gaɓa guda, a kuma gane da ido dalilin da ya sa ba ta zama sai a gaɓa mai nauyi, wato mai dogon wasali ko tagwan wasali ko wadda ta ƙare da baƙi, domin sai da tsawon lokaci murya take samun damar yin wannan faɗuwa. Ɗalibin da aka yi ta fama da shi a kan bambancin sama da ƙasa, wanda yake furta su daidai amma ya kasa sa musu alama a takarda, yakan gane cikin zama ɗaya idan ya ga muryarsa da kansa a allo.

Inda na fi jin daɗin manhajar shi ne wurin da tsawon wasali da karin sauti suka haɗu suna ɗauke da nahawu. Rubutunmu na yau da kullum yana rubuta ya tafi iri ɗaya, alhali a baki abu huɗu ne: akwai ya mai dogon wasali da karin sama ta shuɗaɗɗen lokaci, akwai gajeruwa mai karin sama da take zuwa a cikin labari ko bayan tambaya irin ta wane ne, akwai gajeruwa mai karin ƙasa ta umarni ko fata, akwai kuma doguwa mai faɗau ta abin da ake sa ran aukuwarsa. A Praat ana iya jera su huɗun, a auna tsawon kowane wasali da milisakan, a ga tafiyar layin a kan kowanne. Mai son ya kwatanta yadda Sakkwatanci da Kananci suke sarrafa waɗannan lamirai, ko ya nuna cewa Basakkwacen da ya ce hulla da kassuwa ya mayar da nauyin gaɓa daga wasali zuwa baƙi, yanzu yana da abin da zai auna, ba sai ya tsaya ga cewa haka ya ji ba. Irin wannan awo ba baƙo ba ne ga nazarin Hausa. Tun a 1981 Roxana Ma Newman da Vincent van Heuven suka auna tsawon wasalin ƙarshen kalma kafin tsayawa, inda gajeren wasali kan ƙare da hamza, kuma Mona Lindau ta wallafa awonta na hawa da saukar murya a jimlolin Hausa a 1986. A wancan zamani sai mutum ya sami shiga ɗakin gwaji a Turai ko Amurka. Abin da ya sauya shi ne yau ɗalibi a Katsina ko Damagaram yana iya yin kwatankwacin wannan aiki a ɗakin kwanansa.

To amma a nan ne kuma haɗarin yake, kuma shi ne abin da nake son mai karatu ya fi riƙewa. Praat ba ta san Hausa ba. Adadi take bayarwa, ba ta cewa wannan karin sama ne ko na ƙasa, kuma wanda ya ɗauka cewa babban adadi shi ne sama, ƙarami shi ne ƙasa, zai yi mummunan kuskure tun a jimlarsa ta farko. Hausa tana da ɗabi'ar gangarowar murya a jimlar bayani: duk karin saman da ya biyo bayan na ƙasa yakan sauko ƙasa da na saman da ya gabace shi. A naɗi jimlar Audu ya tafi kasuwa jiya, za a ga Au a can sama, ya ta ɗan sauko, fi ta ƙara saukowa, haka har zuwa ji ta jiya, wadda karin sama ce ba shakka, amma adadinta yana iya yin daidai da na du ta Audu, wadda karin ƙasa ce, ko ma ya gaza shi. Idan aka mayar da jimlar tambaya, gangarowar takan ragu ƙwarai, ƙarshen kuma ya ɗaga. Saboda haka karin sauti abu ne da ake ganewa ta kwatanta gaɓa da maƙwabtanta, kuma kunnen Bahaushe ne yake fara yanke hukunci, manhaja ta zo ta tabbatar ko ta sa a sake saurare. Kundin da ya cika da jadawalin lambobi ba tare da wannan fahimta ba ya fi wanda aka rubuta da kunne zalla ɓatar da mai karatu, don lambobi suna sa a yarda da abu ko da ba daidai ba ne.

Shi kansa shuɗin layin ba a kowane lokaci yake faɗar gaskiya ba. Lissafi ne manhajar take yi, kuma lissafin ya dogara da iyakar da aka gindaya mata. Littafin jagorar da yake cikin tsofaffin sigoginta ya ba da shawarar a sa daga 75 zuwa 300 Hz, wato yawan karkarwa a sakan ɗaya, ga muryar namiji, daga 100 zuwa 500 ga ta mace, kuma wanda ya bar saitin yadda ya same shi yakan ga layin ya yi tsalle farat ɗaya ya ninka ko ya koma rabi, alhali mai magana bai yi komai ba. Hausa tana da nata wuraren da wannan ya fi aukuwa. Haɗiyau ɗinmu, wato ɓ da ɗ, da kuma 'y, sukan zo da wata 'yar gurnani a maƙogwaro wadda take shafar wasalin da yake kusa da su, sai karkarwar tantani ta daina tafiya bi da bi, layin ya kakkarye ko ya faɗa ƙasa. A duba kalmar faɗa a allo, za a ga wannan a tsakiyarta. Haka nan layin yana yankewa a kan duk baƙi maras ziza, wato wanda tantanin maƙwallato ba ya karkarwa wajen furta shi, kuma yakan ɗan ɗaga a farkon wasalin da ya biyo bayan irinsu t da k da s. Don haka mai tsara jerin kalmomin gwaji zai kyauta wa kansa idan ya nemi masu 'yan hanci, wato m da n, da kuma l da w da y, ya kuma riƙa ɗaukar awo a tsakiyar wasali, ba a bakinsa ba. Manhajar ba za ta gargaɗe shi a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma wannan gazawa ce ta gaske ga kayan aikin da sababbin shiga suke rububinsa.

A ɓangaren baƙaƙe, hoton sautin ne yake aiki. A kwatanta baki da baƙi na masu zuwa daga nesa, kalmomi biyu da tsawon wasalinsu da karinsu ɗaya ne. A kan k za a ga fashewa ta biyo da ɗan hucin iska kafin wasali, a kan ƙ kuwa fashewar ta fi kaifi, sannan a kan sami ɗan shiru kafin murya ta dawo, domin maƙwallato yana rufe a lokacin da aka saki tunzuɗau irin ƙ. Ra-gare da ra-kaɗe, waɗanda rubutu ya haɗe su a harafi ɗaya, su ma suna rabuwa: a bara ta roƙo za a ga bugun harshe a hanƙa sau ɗaya ko fiye a matsayin siraran ratsi farare, a bara na gidan sarki kuwa wucewa ɗaya ce mai laushi. Wannan fage ne da yake jiran masu bincike. An daɗe ana faɗa cewa Hausar Gana da ta waɗanda suka koyi harshen a matsayin na biyu ba ta rarrabe ƙ da k, kuma akwai wuraren da ra biyun suka zama ɗaya, amma yaya abin yake a bakin matasan Sabon Garin Kano, ko na Jos, ko na zangon Kumasi? Tambaya ce da ɗalibin digiri na biyu zai iya amsawa da rikoda da haƙuri.

Haƙurin kuwa ana buƙatarsa, saboda kashin bayan aiki da Praat shi ne abin da ake kira TextGrid, wato layukan rubutu da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sauti, a yanka shi jimla-jimla, kalma-kalma, har zuwa baƙi da wasali, kowane yanki da sunansa. Tsarin yana da kyau ƙwarai: ana iya ware layi ɗaya ga rubutun yau da kullum, ɗaya ga rubutun furuci, ɗaya ga alamun kari, kuma haruffanmu masu lanƙwasa suna shiga lafiya idan akwai allon rubutun Hausa a kwamfutar. Sai dai aikin hannu ne mai cin lokaci, magana ta minti kaɗan tana iya cinye yini idan har zuwa ƙwayar sauti za a yanka. Akwai wata manhajar daban, Montreal Forced Aligner, wadda take da samfurin Hausa kuma take fitar da yankan farko a wannan siga, amma ko an yi amfani da ita sai an bi an gyara iyakokin da hannu. Ribar wahalar tana zuwa daga baya. Praat tana da nata harshen umarni, kuma da gajeren rubutu ana iya sa ta bi ɗaruruwan fayiloli ta auno tsawon kowane wasali da kaifin muryarsa, wato adadin da shuɗin layi yake nunawa, ta zuba a jadawali. Hanyar koyon wannan ma mai sauƙi ce, domin manhajar tana riƙe tarihin duk abin da aka danna, kuma ana iya liƙa tarihin a tagar umarni ya zama mafarin rubutun.

Akwai wani sashe da ba a cika taɓawa ba a wajenmu, alhali yana iya buɗe sabon babi. Manhajar tana ba da damar a ɗauki kalma guda a sauya kaifin muryarta ko tsawon wasalinta kaɗan-kaɗan ba tare da an taɓa sauran ba, sannan tana da tsarin gwajin saurare inda ake kunna wa mutane sautukan su zaɓi abin da suka ji. Ana iya ɗaukar kuka ta miya a riƙa ɗaga gaɓarta ta biyu mataki-mataki, a ga a wane mataki ne masu saurare suke fara jin kuka na hawaye, a kuma duba ko Bazazzagi da Ba'adare a wuri ɗaya suke sauya ra'ayi. Masu nazarin adabi ma suna da rabo. Ma'aunin rubutacciyar waƙa ya ginu ne a kan gaɓa mai nauyi da mai sauƙi, kuma Bruce Hayes da marigayi Russell Schuh sun nuna a binciken da suka wallafa a 2019 a kan karin waƙa na rajaz cewa ana iya auna yadda mai rerawa yake raba lokaci a tsakanin gaɓoɓin. Waƙar da aka rera ba kiɗa, irin ta makarantun Islamiyya ko ta daka da reno, tana aunuwa da kyau. Waƙar baka mai kalangu ko kotso da 'yan amshi kuwa tana rikita layin kaifin murya, tunda murya ɗaya yake iya bi a lokaci guda.

Sauran naƙasun da na gani na tsari ne. Komai na cikinta da Ingilishi yake, kuma Ingilishin masana kimiyyar sauti, wanda ko malamin da ya ƙware a tsarin sauti zai ɗan sha wuya kafin ya saba da shi. Ba ta adana aiki da kanta: abin da yake cikin jerin Objects yana nan ne kawai muddin manhajar tana buɗe, don haka a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas kuma batiran kwamfutoci suka gaji, dole mutum ya mayar da adanawa ɗabi'a bayan kowane ɗan yanki. Masu ita ba su yi ta don waya ba, alhali waya ce na'urar da take hannun mafi yawan ɗalibanmu. Ba ta kuma nuna bidiyo, saboda haka mai nazarin tatsuniya ko wasan kwaikwayo ko maganar hannu zai fi samun biyan buƙata a ELAN, ta Cibiyar Max Planck da take Nijmegen, wadda ita ma kyauta ce kuma tana karɓar fayilolin TextGrid.

Abin da ya fi duk waɗannan tasiri a kan sakamako bai ma shafi manhajar ba, wato ingancin naɗin. Saƙon murya na WhatsApp an matse shi don ya yi sauƙin aikawa, kuma matsewar tana zubar da wani ɓangare na bayanin da ake son aunawa, musamman a kan zuzau irin s da sh, da fashewar tsayau irin t da k. Ya kamata a naɗa a sigar WAV, wadda ba ta matse sauti, da makirfo kusa da bakin mai magana, a ɗakin da aka kashe fanka, nesa da janareta, domin ƙugin inji yana zama a ƙasan hoton sauti daidai inda muryar namiji take. Ɗaki mai labule da katifa ya fi aji mai siminti da kwano, saboda amsa-kuwwa. Kuma wajibi ne a nemi yardar wanda za a naɗa, a gaya masa inda muryarsa za ta je, musamman idan tsofaffi ne ko matan aure a cikin gidajensu.

Ga mai shirin gabatar da maƙala, tagar Picture ce take biyan wahalar da aka sha. Tana fitar da hoto mai tsabta, sauti a sama, layin kari a tsakiya, kalmomi a ƙasa, wanda zai fito sarai a majigi kuma mujallu suna karɓarsa. A tarukan Ƙungiyar Nazarin Harsuna ta Nijeriya, da na takwararta ta Afirka ta Yamma, da babban taron duniya na ilimin furuci da ake yi duk bayan shekara huɗu, wanda na 2023 ya gudana a birnin Prag, irin wannan hoto ya zama abin da ake sa ran gani daga duk mai magana a kan sauti. Shawarata ita ce a riƙa bayyana lambar sigar da aka yi aiki da ita da saitin da aka sa, a kuma faɗi yawan mutanen da aka naɗa da garuruwansu da shekarunsu, a ajiye fayilolin sauti tare da TextGrid ɗinsu a ƙarƙashin suna ɗaya domin mai duba kundi ko wani mai bincike ya iya buɗewa ya sake awon da kansa.

Ba kowa ne yake buƙatarta ba. Mai aiki a kan ginin jimla ko ma'ana ko tarihin adabi zai iya kammala digirinsa bai taɓa buɗe ta ba, kuma babu abin da ya rasa. Amma ga mai nazarin furuci, ko tsarin sauti, ko karin harshe, ko ma'aunin waƙa, ban ga hujjar barinta ba. Abin da nake fata daga sassanmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina da Yamai shi ne su ware mata makonni uku ko huɗu a cikin darasin ilimin furuci, bayan ɗalibai sun iya sa alamar kari da kunne, kowane ɗalibi ya naɗo kalmomi ashirin daga bakin wani dattijo na garinsu, ya yanka, ya auna, a kuma tara fayilolin a sashe da sunan gari da shekarar naɗi.